Uba ya sa hannu, amma wa ya yarda? Nazarin tura wata ɗaliba asibiti daga makaranta

Lamarin da za a bi a nan na wata ɗaliba ce 'yar shekara 15 da makarantarsu ta tura asibiti saboda ciwon damuwa. An harhaɗa shi ne daga irin abubuwan da ke yawan maimaituwa a duk inda malamai suka fara sa ido kan lafiyar ƙwaƙwalwar ɗalibansu, shi ya sa babu sunan kowa a ciki. Abin da ya sa ya cancanci a tsaya a kansa shi ne babu mugu a labarin. Malamar aji ta lura da wuri, malamar ba da shawara ta yi tambayoyin da suka kamata, shugaban makaranta bai yi nawa ba, yarinyar kuma da gaske tana buƙatar likita. Duk da haka, ranar da ta zauna gaban likitan ta kame bakinta, mahaifinta kuma ya miƙe zai fita da ita.

Abin da ya faru

Malamar aji ce ta fara ganin canji. Yarinyar da ke cikin na gaba-gaba a lissafi ta koma ba ta kawo aikin gida, tana kifa kai a tebur tun darasin farko, ta rame, ta janye jiki daga ƙawayenta. Wata rana hannun rigarta ya zame, malama ta hango tabon yanka sirara a tsintsiyar hannunta. Ba ta yi mata magana a gaban aji ba. Da aka tashi ta kama hannunta zuwa ofishin malamar ba da shawara.

Irin wannan ba baƙo ba ne a makarantu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan lalurori sun riga sun soma kafin mutum ya wuce shekara 14. Tunda yaro a makaranta yake wuni, sau da yawa malami kan riga iyaye gani.

Malamar ba da shawara ta rufe ƙofa ta ce, "'Yata, ki saki jikinki. Duk abin da kika faɗa a ɗakin nan, tsakanina da ke ne." Yarinyar ta jima tana kuka kafin ta yi magana. Mahaifiyarta ta bar gida watanni da suka wuce bayan doguwar rashin jituwa, hidimar ƙannenta ta dawo kanta, ba ta iya barci, mahaifinta kuma ko sau ɗaya bai taɓa tayar da zancen ba. Ta rufe da roƙo: "Malama, don Allah kada Baba ya ji na faɗi maganar gidanmu."

Daga nan malamar ta ba ta takardar tambayoyi ta PHQ-9, wadda Robert Spitzer da Kurt Kroenke da Janet Williams suka tsara, a sigarta ta matasa. Tambayoyi tara ne kan makonni biyu da suka gabata: barci, cin abinci, kasala, rashin jin daɗin komai, ganin kai ba a bakin komai ba, da makamantansu. Kowace amsa makinta daga 0 zuwa 3, jimla 27. Ta samu 16, wato tsakanin 15 da 19, matakin da ya ɗara matsakaici. A tambaya ta tara, mai neman sanin ko mutum yana jin gara ya mutu ko yana tunanin cutar da kansa, ta zaɓi amsar da ke cewa a wasu ranaku. Malamar ba ta yi kwana-kwana ba, ta tambaye ta ƙarara ko ta taɓa shirya yadda za ta kashe kanta. Ta ce a'a, sai dai wani lokaci takan ji da ma ta kwanta kada ta farka, yankan kuma tana yi ne idan zuciyarta ta cushe. Malamai da yawa suna tsoron wannan tambaya, amma yin ta daidai ne. Binciken da Madelyn Gould da abokan aikinta suka wallafa a 2005, kan ɗaliban sakandare sama da dubu biyu a jihar New York ta Amurka, ya nuna tambayar matashi game da kashe kai ba ta cusa masa tunanin.

A ranar malamar ta kai wa shugaban makaranta rahoto, haɗe da rubutaccen bayanin duk abin da yarinyar ta faɗa. Shugaban ya sa aka ɗauko fayil ɗinta. A fom ɗin shiga makaranta, wanda mahaifin ya sa wa hannu shekara uku baya, akwai layin da ya ba makaranta izinin kai ɗalibi asibiti idan buƙata ta taso. Ya ce wannan ya wadatar. Aka rubuta takardar turawa zuwa sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na yara da matasa, aka maƙala mata bayanin malamar dungurungum, aka aika. Yarinyar ta koma gida kamar kullum. Sai washegari aka kira mahaifin.

Ya baro wurin aikinsa ya zo, ko zama bai yi ba. Shugaban ya ce, "Malam, 'yarka ba ta da lafiya, mun riga mun samar mata ranar ganin likita. Ka sa hannu a nan. Ba za ta koma aji ba sai mun ga takardar likita cewa ba ta da matsala."

"Yallaɓai, wace irin rashin lafiya? Da ƙafarta ta fito daga gida."

"Likita zai yi maka bayani."

Fom ɗin shafi biyu ne da ƙananan haruffa, cikin harshen da mahaifin da ƙyar yake karantawa. Ya sa hannu. Duk wannan ana yi yarinyar na zaune a benci a waje.

A asibiti likita ya fara da ita: "Kin san abin da ya kawo ki?" Ta ce, "An ce in zo." Ya juya ga mahaifin ya ce ya gani a takarda cewa mahaifiyarta ta bar gida, ko zai ƙara masa haske. Likitan ya ɗauka wanda sa hannunsa ke jikin fom ya san abin da aka aiko. Mahaifin ya dubi 'yarsa: "Ke kika kai maganar gidana makaranta?" Ta sunkuyar da kai. Ya miƙe ya ce, "Likita, 'yata dai ba mahaukaciya ba ce."

Izini huɗu a layi ɗaya

Tushen ƙa'idar neman yardar mutum kafin a yi masa jinya tsoho ne. A 1914 alƙali Benjamin Cardozo na New York ya yanke cewa duk baligi mai hankali shi ke da ikon cewa ga abin da za a yi da jikinsa. A shekarun da suka biyo baya kotuna da ƙungiyoyin likitoci suka fayyace cewa yardar ba ta inganta sai an yi wa mutum bayanin da zai fahimta, yana da hankalin auna shi, ba a matsa masa ba, kuma a kan wani abu takamaimai ya yarda. Idan aka ɗora lamarin nan a wannan ma'auni, babu inda ya cika.

Makarantar ta ɗauka izini ɗaya take nema, alhali huɗu ne. Akwai na yi wa yarinyar tambayoyin tantancewa, akwai na fitar da bayananta daga makaranta zuwa wani wuri, akwai na likita ya duba ta, akwai kuma na fara mata magani. Uba na iya yarda a duba 'yarsa ya ƙi a ba ta ƙwaya. Yana iya yarda a gaya wa likita tana yanka hannunta ya ƙi a rubuta zancen aurensa. Fom ɗin da ya dunƙule huɗun a layi ɗaya ya ƙwace masa wannan zaɓin tun bai san yana da shi ba.

Layin da ke fom ɗin shiga makaranta kuwa an rubuta shi ne don karaya a filin wasa, ko suma, ko zazzaɓi mai zafi lokacin da aka nemi iyaye aka rasa. Mutumin da ya sa masa hannu shekara uku baya ba zai yiwu a ce ya yarda da abin da bai faru ba tukuna, ballantana wanda ba a taɓa ambata masa ba. Kuma ba a nemi mahaifin an rasa ba. Lambar wayarsa na cikin fayil ɗin da aka ciro fom ɗin.

Tambayoyin PHQ-9 da aka yi mata ba tare da izinin uba ba, ni ban ga laifinsu ba. Yarinya ce ga ta da tabo a hannu, dole wanda ke gabanta ya gano girman haɗarin a take. Inda ake rikici shi ne tantance ɗalibai gaba ɗaya, musamman idan aka aika wa iyaye sanarwa aka ce wanda bai so ba ya maido takarda, wanda ya yi shiru an ɗauka ya yarda. Shirin TeenScreen na Jami'ar Columbia, mai tantance lafiyar ƙwaƙwalwar ɗalibai a makarantun Amurka, ya sha suka kan haka. A 2005 iyayen wata ɗaliba a jihar Indiana suka kai ƙara kotu, suna cewa an yi wa 'yarsu gwajin ba da saninsu ba, har aka gaya mata tana da lalura. Daga baya shirin ya wajabta rubutaccen izinin iyaye, kuma an rufe shi a 2012. Masu goyon bayan tsarin shiru suna da hujjarsu, ba kuma ƙarama ba: idan aka ce sai an maido takarda, yaran da ake tantancewa kan ragu, kuma gidan da ya fi rikicewa shi ne takarda ta fi ɓacewa a cikinsa. Amma maganin wannan shi ne a bi iyaye da waya, a yi musu bayani baki da baki. Takardar da ta kwana a ƙasan jakar yaro ba ta sanar da kowa komai ba.

"Ba za ta koma aji ba"

A duk abin da shugaban ya faɗa, wannan jimlar ce ta fi ɓarna. Da a ce an zaunar da mahaifin an yi masa bayani dalla-dalla cikin harshensa, sannan aka rufe da ita, da duk bayanin ya tashi a banza, domin abin da aka ajiye a gabansa ya zama ko sa hannu ko karatun 'yarsa. Babu uban da zai tsaya nazarin shafi biyu a wannan hali.

Nan ne makaranta ta bambanta da asibiti. Likita idan ya ba da shawara aka ƙi, iyakarsa ya rubuta a fayil. Makaranta kuwa tana riƙe da abubuwan da iyali ba za su iya rasawa ba: gurbin karatu, jarrabawa, takardar shaida, sunan yaro a bakin malamai. Ko ba ta yi barazana ba, shawararta tana zuwa da nauyin umarni. Saboda haka wajibi ne ta fito ta ce wa iyaye ƙin yarda ba zai taɓa karatun yaron ba, ta kuma cika. A Amurka sai da abin ya kai ga doka. Bayan koke-koken iyaye cewa makarantu na matsa musu su sa yaransu kan magunguna irin Ritalin, wanda ake ba yara masu rashin natsuwa da kasa mayar da hankali, gyaran da aka yi wa dokar ilimin yara masu buƙata ta musamman a 2004 ya haramta wa ma'aikatan makaranta su sa karɓar irin waɗannan magunguna ya zama sharaɗin zuwa makaranta. Dokar ta taƙaita ne ga rukunin magungunan da gwamnati ke sa wa ido, amma dalilinta ya fi haka faɗi.

Me ya sa shugaban ya faɗi haka? Tsoro. Yana hango ranar da wani abu zai samu yarinyar a harabar makaranta a tambaye shi me ya yi, yana so ya samu takardar da zai nuna. Ana iya fahimtarsa. Sai dai takardar da ya nema, mai cewa ba ta da matsala, babu likitan kirki da zai rubuta ta, don babu wanda zai iya ba da tabbacin abin da mutum zai yi gobe. Hana ta shiga aji kuma ya raba ta da wuri ɗaya tilo da aka lura da halin da take ciki, ya mayar da ita gidan da take wuni ita kaɗai, ya kuma ba 'yan ajinsu abin faɗa.

Shin ba gaggawa ba ce? Da ta ce ta tanadi abin da za ta sha, ko ta riga ta sha, ba a jiran sa hannun kowa. A kai ta asibiti, a kira iyaye a hanya. Dokoki sun bar wannan ƙofa a buɗe. Dokar sirrin bayanan ɗalibai ta Amurka ta 1974 ma ta yarda a fitar da bayani idan lafiya ko rai na cikin haɗari. Amma makarantar nan ba za ta iya fakewa da gaggawa ba, don ita da kanta ba ta ɗauki abin haka ba. Ta aika takarda asibiti da rana, ta bar yarinyar ta koma gida da yamma, gidan da babu babba ko ɗaya da ya san tana yanka jikinta. Wanda ya fi kowa buƙatar ya sani a wannan daren, wanda zai iya kawar da reza da magunguna daga inda hannunta zai kai, shi aka bari sai gobe.

Alkawarin da ba zai cika ba

Malamar ba da shawara da zuciya ɗaya ta ce komai tsakaninsu ne, amma alkawari ne da ba ta da ikon cikawa. Duk mai wannan aiki ya san sirri yana da iyaka, kuma iyakar ita ce haɗari ga ran yaron ko na wani. Wannan ake faɗa tun kafin yaro ya buɗe baki. Wani abu kamar haka: "Abin da kika faɗa mini ba zan yaɗa shi ba. Amma idan na ga ranki na cikin haɗari, ko wani yana cutar da ke, dole in nemi taimako, kuma ke zan fara gaya wa kafin kowa." Gaskiya ne wasu yaran za su rage abin da za su faɗa idan suka ji haka. Amma wanda ya faɗa bayan ya ji, ya san abin da ya zaɓa, kuma ba zai wayi gari ya ga an ci amanarsa ba.

A ganina gaya wa mahaifin daidai ne, ko da yarinyar ba ta so, matuƙar an fara tabbatar da cewa ba shi ne ke cutar da ita ba. Da shi ne, hanyar ta sauya, sai a nufi hukumar kare yara. Tambayar ita ce me za a gaya masa, kuma ta yaya. Abin da ya wajaba ya sani shi ne tana yanka hannunta, tana tunanin mutuwa, tana buƙatar likita. Cewa ta yi maganar tafiyar mahaifiyarta ba ya cikin wannan. Idan aka lura, roƙonta ma a kan maganar gida ne kawai; babu wanda ya tambaye ta ko za ta yarda Baba ya san sauran. Da malamar ta koma gare ta ta ce, "Dole Babanki ya san zancen hannunki yau. Ke za ki gaya masa ina wurin, ko ni zan gaya masa? Me kike so in bari ke ki faɗa da kanki?" da an kare ranta, an kuma bar mata wani abu a hannunta.

Haka takardar turawa. Likita na buƙatar alamomin, makin gwajin, amsarta kan tunanin mutuwa, da abin da malamai suka gani da idonsu. Sauran shi zai tambaya da kansa, ita kuma ta ba shi abin da ta ga dama. Bayanin da malama ta rubuta don tunawar kanta bai kamata ya bar ofishinta ba, kuma shugaban makaranta ma bai buƙaci karanta shi duka ba.

Wadda ke zaune a benci

Ko da an gyara duk abin da ya shafi mahaifin, da sauran mutum ɗaya da ba a tambaya ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, a sashe na 12, ta ce yaron da zai iya samar da ra'ayin kansa yana da haƙƙin a ji shi a duk abin da ya shafe shi, a kuma ba ra'ayin nauyi gwargwadon shekarunsa da hankalinsa. Sashe na 5 ya ce jagorancin iyaye ya riƙa tafiya daidai da yadda basirar yaron ke ƙaruwa.

Ƙasashe sun bambanta kan wanda sa hannunsa ke aiki. A Ingila da Wales dokar 1969 ta ba mai shekara 16 ikon yarda da magani da kansa. A 1985, a shari'ar da Victoria Gillick ta shigar, kotun ƙoli ta lokacin, wato Majalisar Dattawan Birtaniya, ta yanke cewa wanda bai kai 16 ba ma yana iya yarda idan yana da hankalin fahimtar abin da ake son yi masa sosai. A Amurka kowace jiha da nata: a Washington mai shekara 13 na iya neman kulawar ƙwaƙwalwa ta je-ka-dawo da kansa, a Kalifoniya mai shekara 12 na iya neman zaman shawara idan ƙwararren ya ga ya isa, amma ban da magani, wannan sai da iyaye. A wurare da yawa kuma sai shekara 18. Dole makaranta ta san dokar inda take, kada ta yi hasashe.

To amma a ce ma doka ta bar sa hannu ga uba shi kaɗai. Wannan bai sa a bar yarinya a benci ba. Tun 1982 Lois Weithorn da Susan Campbell suka gwada yara da manya da misalan zaɓin magani, suka samu masu shekara 14 suna fahimta da auna zaɓi kusan daidai da manya, masu shekara 9 ne suka gaza su. Akwai kuma dalilin da ya fi wannan sauƙi. Allura ana iya yi wa wanda bai so ba. Jinyar damuwa kuwa rabinta magana ce, likita ba shi da na'urar da za ta nuna masa abin da ke zuciyar wadda ta ƙi magana. Amsar da ta bayar, "An ce in zo", ita ce sakamakon duk abin da aka yi a makaranta.

Yadda likitan ya sake ɗauko zancen

Ya ba mahaifin haƙuri, ya ce ya ɗauka an nuna masa takardar. Ya roƙe shi ya zauna, ya ce sharaɗin makaranta ba nasa ba ne, yana da ikon ya tafi, yana da ikon ya nemi wani likitan, abu ɗaya kawai yake so ya ji kafin ya fita. Ya nemi ganin kowannensu shi kaɗai. Da yarinyar ya fara da iyakar sirri, wadda ba a gaya mata a makaranta ba, sannan ya tambaye ta me take so a gaya wa Baba da bakinta. Ba ta faɗi da yawa ba a ranar, amma ta yarda a yi zancen hannunta a gabanta.

Ga mahaifin ya bayyana cewa makin 16 alama ce kawai, ba shi ne ganewar ciwo ba, kuma zai duba jininta, don ƙarancin jini da matsalar tayirod, wani ɗan sashen jiki da ke gaban wuya, kan kawo kasala da ta yi kama da damuwa. Ya ce ciwon damuwa daban yake da abin da mahaifin ke tsoro, kuma ana warkewa. Ya shimfiɗa zaɓin: zaman tattaunawa da ƙwararre mako-mako, ko zaman haɗe da maganin damuwa mai suna fluoxetine, ko a jira a gani, wanda ya ce ba ya ba da shawara a halin da take ciki. Bai ɓoye illar maganin ba. A 2004 hukumar magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi mafi ƙarfi a jikin magungunan damuwa ga yara da matasa, bayan nazarin gwaje-gwaje 24 ya nuna tunanin kashe kai ko yunƙurinsa ya bayyana ga kusan kashi 4 cikin ɗari na masu shan maganin, a kan kashi 2 na waɗanda aka ba ƙwayar da ba magani a ciki, ko da yake babu wanda ya mutu a gwaje-gwajen. Haka kuma jagorar NICE, hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta ce kada a ba matashi maganin shi kaɗai ba tare da zaman tattaunawa ba, a kuma riƙa ganinsa a kai a kai a makonnin farko. Wani zai ce faɗin wannan zai firgita uban ya ƙi. Yana iya yiwuwa. Amma abu ne da duk uba mai hankali zai so ya sani, kuma wannan shi ne ma'aunin da kotun ƙolin Birtaniya ta kafa a shari'ar Montgomery a 2015: haɗarin da mutum a matsayin mara lafiyan zai ɗauka da muhimmanci, da sauran hanyoyin da ake da su, dole a faɗa masa.

Ya ce wa mahaifin ya maimaita masa abin da ya ji da kalmominsa, ya gyara masa wuri biyu. Ya ba su 'yan kwanaki su yi shawara, ban da abu ɗaya da ya ce ba ya jira: a kawar da reza da magunguna daga ɗakinta a ranar, a kuma riƙe lambar da za a kira idan abin ya tsananta da dare.

Da suka dawo, mahaifin ya yarda da zaman, ya ƙi maganin. Yarinyar kuwa ta ce tana so ta gwada, ta gaji da rashin barci. Likitan bai goyi bayan ɗaya ya watsar da ɗaya ba. Ya rubuta ra'ayin kowa, suka tsaya a kan a fara da zaman, a sake duba zancen maganin bayan makonni shida, ko kafin nan idan ta ƙara tsanani. Ana iya yi masa gardama a nan, domin a inda ake bin hukuncin Gillick yana iya auna hankalinta ya ba ta bisa yardarta. Ya ga cewa maganin da ake buƙatar babba ya sa wa ido a gida, ba shi da amfani a fara shi a kan ƙin babban gidan, tunda akwai wata hanya mai inganci da duk suka yarda da ita. Ina ganin ya yi daidai, da sharaɗin makonni shidan su zama shida da gaske.

Sai zancen mahaifiyar, wadda daga makaranta har asibiti babu wanda ya ambata a matsayin mai ra'ayi. Barin gida bai cire ta daga zama uwa ba, kuma dokoki sun bambanta kan ko yardar ɗaya daga iyaye ta wadatar. Yarinyar ce ta tayar da maganar, ta ce tana so Mama ta sani. Mahaifin ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce ta kira ta.

Makarantar ta aiko tana neman cikakken rahoto. Likitan ya rubuta 'yan layuka, ya nuna wa uba da 'ya kafin ya rufe: tana ƙarƙashin kulawa, babu abin da zai hana ta zuwa aji, a sassauta mata aikin gida na wani lokaci, a bar ta ta fita ranar zamanta, ga alamomin da idan aka gani a kira mahaifinta nan take. Babu sunan ciwo, babu zancen gida. Shugaban bai ji daɗi ba, ya ce wannan ba ita ce takardar da ya nema ba, amma ya karɓa. Daga baya makarantar ta raba fom ɗinta gida-gida, kowane izini da wurin sa hannunsa, ta ƙara wurin da ɗalibi zai nuna an yi masa bayani. Sharaɗin hana shiga aji ba ta soke shi ba, ta ce za a riƙa dubawa gwargwadon lamari.

Yarinyar ta koma aji bayan ta rasa kusan mako biyu na karatu. Tana gaida malamar ba da shawara idan sun haɗu, amma ba ta sake shiga ofishinta ba. A zaman makonni shida makinta ya sauko zuwa 11, ba ta sake yanka ba, barcin dai bai daidaita ba. Mahaifin yana nan kan bakansa game da maganin, ita ma tana kan nata, likitan kuma ya sa zancen a gaba a zama mai zuwa, wanda mahaifiyar ta ce za ta halarta.